Yayana da Bijimin Gobirawa

Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu koma. Yayana dai ya riga ni yin gaba. Ranar da muka kai shi makwancinsa ba a yanka ko akuya a mayankar Sakkwato ba, kuma ba wanda ya yi shelar a daina. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe da kansu suka cika mana zaure a Ƙofar Kware, har tabarmi suka ƙare aka koma zaman ƙasa. Fulanin da yake sayen shanu a wurinsu suka shigo daga ruga, suka jingine sanduna a bango, suka tsuguna. A cikin gida wata tsohuwa daga Ƙofar Marke ta yi ta kuka har matan gidan suka koma rarrashinta, alhali ba mu haɗa komai da ita ba. Sai daga baya ta ce duk haihuwar da ta yi, shi ya aiko mata da ƙafafun sa aka yi mata ƙauri, bai taɓa yarda ta gode masa ba.

Ina cikin amsa gaisuwa sai ɗan baffanmu ya shigo da tawagarsa. Ya tsufa shi ma, amma bakin nan nasa yana nan yadda na san shi. Ya shafa fatiha, ya jingina, ya ce da muryar da ya tabbata har ƙofar gida za a ji:

"Allah shi gahwarta mai. Amma dai shi yaz zubar muna da sarauta."

Wallahi ba don gawa ba ta ko huce a rami ba, da na nuna masa ƙofa. Na haɗiye, na ce amin. Amma abin ya dame ni, don na ga samarinmu suna gyaɗa kai, yaran da ba a ko haife su ba lokacin da abin ya faru. In na yi shiru, abin da za su riƙe game da shi ke nan. To ba zan yi shiru ba. Ni ne ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na tsaya a bayansa ranar, kuma in akwai mai ikon zaginsa a kan rawanin nan, ni ne, ba wani ba.

Mu Gobirawa ne, ga tsage nan a kumatunmu. Kakanmu aka fara kawowa garin nan bayan yaƙe-yaƙen da, ya kama fawa, ya bar wa babanmu, babanmu ya bar mana. Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya ɗora mini wuƙa a hannu, kuma har furfura ta cika mini kai bai daina ce mini Auta ba. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba fara'a, ba hira. Bai taɓa yanka dabba da ƙishirwa ba, sai ya ba ta ruwa ya jira ta ɗaga kai. Ya taɓa marin wani yaron gidanmu don ya wasa wuƙa a gaban tunkiya tana kallo. In nama ya yi kwantai, da bakinsa zai faɗa wa mai saye cewa na jiya ne, ni kuwa ina gefe ina cizon yatsa. In baƙo ya zo neman aiki a mayanka, mutane suka fara tambayar ɗan wace ƙasa ne, shi tambayarsa ɗaya ce, ko ya iya fiɗa bai huda fata ba.

Halin nan ne ya fara haɗa shi da dangi. Akwai wani Bazabarme da ya zo garin nan da wuƙa ɗaya da tabarma, Yaya ya matsa masa gefe a rumfarmu, daga baya ya samu tasa a jikin tamu. Da babban ɗan Yaya ya isa aure, sai ya nemar masa ɗiyar Bazabarmen nan. Dangi suka yi ca, goggonmu ta ce ba za ta ci abincin bikin ba, ɗan baffanmu ya ce an rasa mata ne a Gobir. Yaya ya ce yarinyar tana salla, ubanta ba ya ha'inci, shi ya gama bincike. Aka ɗaura, goggo kuma ta ci har ta ƙulle saura a gefen zane. Tun daga nan ba ya kiran mutumin da komai sai Suruki.

Sai Nasara suka zo. Ba zan tsaya ba da labarin ba, kowa ya san abin da ya gani. Sarki ya yi gabas da waɗanda suka bi shi, cikinsu har da sarkin fawanmu, wanda bai dawo ba. Gari ya yi tsit, sannan masu zaɓen sarki suka zauna suka fito da sabo. Kai, ka ga kasuwa a kwanakin nan! Kowa ya ɗora wa bawan Allah kaya tun bai gama zama ba. Masu gishiri suka ce hanyar fatake za ta buɗe, mata suka ce hatsi zai sauko, wasu har rantsuwa suke yi cewa da addu'a kaɗai zai kori Nasara kafin damina. Abin dariyar, kowace ƙabila ta ce nata ne. Fulanin gari suka ce jininsu ne, wannan ba gardama. Adarawa suka ce wanda ya koya masa hawa nasu ne. Zamfarawa suka tono wata kaka. Mu kuma Gobirawa muka ce matar da ta goya shi Bagobira ce, da tsagenta da komai. Ni dai ban ga matar ba, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda ya gan ta ba.

Rawanin sarkin fawa yana ajiye ba mai shi, kuma sabon sarki ne zai naɗa. A nan ɗan baffanmu ya ga dama. Ya tara manyan Gobirawan mayanka a zaurenmu bayan la'asar, ya ce mu ne muka fi yawa, mu ne muka fi daɗewa, kuma tun zamanin kakanni ana taka mu, yanzu namu ya hau. Kowace sana'a za ta je caffa, wato mubaya'a ga sabon sarki, da gaisuwarta. Mu kada mu bi ayari, mu haɗa hannu mu sayi bijimin da ba a taɓa gani ba, mu kai da sunan Gobirawa kaɗai, Yaya a gaba, tun da shi ne babba kuma ba mai ja da shi. In rawani ya hau kansa, rumfunan gaba namu ne, Adarawa da Zabarmawa da sauran tarkace su koma bayan ganuwa su yi yankansu can. Kowa ya san abin da bayan ganuwa yake nufi: ba rijiya, ba mai saye, sai kuraye.

Yaya yana zaune yana kankare ƙotar wuƙa, bai ɗago ba.

"Har surukina?"

"Har shi. Ɗiyatai ta zamna ɗakinta, shi ya tahi."

Yaya ya ci gaba da kankarar ƙotar. Can ya ce ya ji, amma da sharaɗi guda. Bafillace ne ke kai sa da rai, mahauci nama yake kaiwa. Shi zai yanka da hannunsa, a mayanka, da safe, yadda babanmu ya koya masa. Zaure ya ɗauki murna, har da ni. Ina son rawanin nan, ban ɓoye ba a lokacin, ba zan ɓoye yanzu ba. Na riga na hango kaina a matsayin ƙanen sarkin fawa, ana buga mana kalangu a ƙofar gida.

Abin da ya kwance wa ɗan baffanmu, kuma ya kwance mini, wata tsohuwar ƙa'ida ce ta watanda, wato san da ake tarayya a yanka a raba. A mayankarmu duk wanda hannunsa ya taɓa san watanda wajen kayarwa, ko igiya ya riƙe, ko ƙafa, ko ƙaho, gidansa yana da kaso. Ba a hana shi, ba a karɓewa, kuma ba kason da ke fin wani. Ko ɗan da aka yaye jiya a gidan mahauta ya san wannan. Mu da muka haɗa hannu muka sayi sa, watanda muka yi ko mun so ko mun ƙi, amma zumuɗi ya rufe mana ido.

Aka kawo bijimin da hantsi, fari tas, tozonsa har ya kwanta gefe don kitse. Mayanka cike, kowa ya bar abin da yake yi yana kallo. Samarin Gobirawa suka ja igiya, sa ya turje yana huci. Yaya ya zagaya shi a hankali kamar mai neman inda zai kama, sai kawai ya ɗaga murya.

"Suruki, kama min ƙahwag ga!"

Mahauci ba ya jin wannan kira ya tsaya tunani. Bazabarme ya yi tsalle ya cafke ƙafar baya. Yaya ya kira wani Ba'adare ya danne ƙaho, ya kira Bazamfare ya murɗe wutsiya, ya ce wa wani Bakabe ya taya su jan igiya, haka ya yi ta kira gida-gida. Kafin ɗan baffanmu ya farga ya buɗe baki, sa yana ƙasa, kuma babu gidan mahauta a Sakkwato da hannunsa ba ya jikin san nan. Yaya ya fuskantar da shi gabas, ya yi bisimilla ya yanka.

Aka feɗe, aka shimfiɗa fatar, ya durƙusa ya fara kasawa. Tsoka nan, ƙashi nan, hanta, tumbi, huhu, kowane tsibi da nasa. Ɗan baffanmu yana tsaye da sabon faifai a hannu yana jiran tozo, don tozo da cinya su ne na sarki tun fil'azal. Ina kallo Yaya ya ɗauko tozon nan, ya ɗora a kan itace, ya yanka shi gutsu-gutsu, ya bi tsibi-tsibi yana jefawa. Ya ce kowane gida ya kawo tsinkensa na ƙuri'a, shi kuma ya karya wani ɗan kara ya ce wannan na sarki ne. Aka sa wani dattijo ya juya baya, aka zuba masa tsinkayen a hannu ya yi ta miƙowa ana ɗorawa. Karan sarki ya faɗa kan wani tsibi na gefe, bai fi na kowa ba, bai kasa na kowa ba.

Ɗan baffanmu ya yi jifa da faifan. Ya kira Yaya maci amana, ya ce ya sayar da jininsa saboda baƙo, ya ce kakanmu yana kuka a kabari. Yaya ya ɗauki faifan ya kakkaɓe, ya kwashe kason sarki a kai, ya rufe da ganye, ya ce wanda zai je caffa ya taso. To me za a yi? Kowane gida yana da hannu a gaisuwar yanzu. Mayanka gaba ɗaya ta bi bayansa, Gobirawa a ciki suna ƙunƙuni.

A ƙofar fada na so ƙasa ta tsage in shige. Dukawa sun kawo sirdi, marina sun kawo baƙaƙen riguna suna ƙyalli, mu kuwa ga mu da faifai ɗaya da ko yaro zai ɗauka. Muka tuɓe takalma muka zube a gaban sarki. Wani bafade ya ɗaga ganyen, ya dubi naman, ya dube mu, ya tambaya ina tozo. Na ga dogarai sun gyara tsayuwa. A zamanin nan ba a san abin da zai sa a ɗaure mutum ba, kowa a tsorace yake, har su kansu na fadar. Yaya ya ƙara sunkuyar da kai, sannan ya yi wa sarki magana.

"Ranka shi daɗe, tozo na cikin kowane gida. Ga naka nan, daidai da na kowa. Tun da anka zaɓe ka, kowa cikin kasuwa cewa shikai kai nashi na. Gobirawa sun ce, Adarawa sun ce, Zamfarawa sun ce. Ni roƙo ɗai niz zo yi, kak ka zan na kowa cikinmu. In kaz zan na Gobirawa, surukina bayan ganuwa za shi kwana. Ƙasa ta juya, ba mu san gobe ba, abin da yar rage muna wurin yanka guda na. Kar a raba shi."

Sarki bai yi fushi ba, bai yi murmushi ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, bafade ya maimaita mana cewa ana tambayar wa mahauta suke so a kansu. Ɗan baffanmu ya ga dama ta sake samuwa, ya yi wuf ya ce Gobirawa sun ba da wannan dattijo, su ne suka fi yawa, da bakinsu ɗaya. Kalma ɗaya ta rage, Yaya ya ce na gode, shi ke nan.

"In Gobirawa ka ba ni, ban so," in ji Yaya. "Su ba ni yau, gobe su taho amsar abin da sunka saye."

Sarki ya ce an ji, ya ce a shiga da naman ciki a dafa. Aka sallame mu.

Ba a daɗe ba aka naɗa wani Ba'adare, mutum mai sanyin hali wanda bai nema ba. Da masu kalangu suka biyo da shi ta ƙofar gidanmu, ni na shige ɗaki na ja ƙyaure. Yaya ya sa rigarsa ta Juma'a, shi ya fara fita ya yi masa barka. Ranar muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce masa ya cire abinci daga bakin 'ya'yanmu da jikokinmu, na ce girman da kakanmu ya mutu bai gani ba ya zo har zaure ya kore shi da ƙafa. Ya bari na gama, ya ce, "Auta, ka gama? To tashi mu tai, akwai hiɗa." Damina guda ban ci abinci akushi ɗaya da shi ba, shi kuma kullum sai ya sa an ajiye mini gefensa.

Dangi kuwa ba su tsaya a damina ɗaya ba. An yi suna a gidansa Gobirawa ba su zo ba. Aka daina kiransa sulhu, aka daina kawo masa goron aure. Yara suka riƙa yi masa waƙar Bagobirin Zabarmawa a bayan rumfa, iyayensu suna ji ba sa tsawatawa. Ya yi shekaru a haka bai nemi kowa da bakin ban haƙuri ba. Su kuma da suka ɗora wa sabon sarki buri, hatsi bai sauko ba, Nasara ba su tafi ba, sai ma haraji da ya biyo baya. Waɗanda suka fi kowa rantsuwa cewa nasu ne, su suka fara cewa ai dama ba nasu ba ne. Yaya yana ƙorafin haraji kamar kowa, har ya fi kowa, amma in aka zo zagin sarki sai ya ce shi abu ɗaya ya roƙa, kuma an ba shi.

An ba shi kuwa. Sarakuna sun canja bayan nan, sarkin fawa ma ya canja, amma har yau wurin yanka ɗaya ne a garin nan, rijiya ɗaya muke ɗiba. Samarin da ke gyaɗa wa ɗan baffanmu kai, rabinsu iyayensu mata Adarawa ne da Zabarmawa, sun tashi sun tarar da haka sun ɗauka haka Allah ya saukar da shi. Ni har gobe ina cewa rawanin nan ya dace da gidanmu, kuma in na tuna kalangun nan raina yana sosuwa. Amma wanda zai ce yayana ya zubar, ya fara faɗa mini gidan wa yake so a tasa, ya kama suna, a gaban mutane. Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa inda yake kwance, ya shayar da shi yadda ya shayar da abin da ke ƙarƙashin wuƙarsa.

Ciwon ajalinsa bai ja ba. Da ya cika, liman ya zo ya yayyanka likkafani, riga da zane da mayafai, da ɗan ƙyallen da ake naɗa wa namiji a ka kamar rawani. Muka yi masa wanka ni da babban ɗansa. Muna cikin suturtawa sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa dokin ƙofa. Surukinsa ne, idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, ya baro rumfarsa da ke nan jikin tamu inda take tun farko, ya lalubo hanya shi kaɗai. Ba a saba barin wanda ba jini ba ya shiga wurin nan, liman ya dube ni. Na ce a matsa masa.

Ya durƙusa da ƙyar, ya lalubi fuskar Yaya, yatsunsa suka bi tsagen nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tallabo kan da hannu biyu ya ɗaga mini. Na ɗauko farin ƙyallen na fara zagayawa, naɗin yana zamewa.

"Natsu ka naɗa mai da kyau," in ji shi. "Wanga ba Gobirawa sunka ba shi ba."

Na warware, na sake naɗawa daga farko.